Magani "ba shi da effect": marar illa ake nufi ko marar amfani?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Malaman Turanci na gidan nan ku zo ku raba mu gardama da 'yata. Idan mai kemis ya miƙo miki magani ya ce "sha abinki Hajiya, ba shi da wani effect", me ya faɗa? Ni dai abin da na sani, yana nufin maganin ba ya cutarwa. Ita kuwa 'yar aji biyar ce a sakandare, ta kafe wai a Turance ce min ya yi maganin ba ya aikin komai. Har da ɗauko min ƙamus. Wa ke da gaskiya?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Hajiya, yaran yanzu sai haƙuri. Ke ce da gaskiya. Duk inda kika shiga a Kano aka ce abu yana da effect, illa ake nufi. "Rage shan lemon kwalba, yana da effect." Wa zai ji wannan ya ɗauka yabo ne?

Malam Bala Ticha: Maman Hanif, ki nemi tukuici ki ba yarinya, ita ta ci. A Turanci kalmar ba ta da ɓangare. Duk abin da wani abu ya haifar ko ya sauya, sunansa ke nan, mai kyau ne ko marar kyau. Ruwan sama yana da effect a kan gero, fari ma yana da nasa. Idan Bature ya ce magani ba shi da shi, to ya gaya miki ruwan banza kika sha. Abin da mai kemis yake son faɗi shi ne side effect, sai bakinmu ya yar da rabin farko ya riƙe na biyu. Asalin kalmar daga Latin ne, daga wata kalma mai nufin aiwatarwa ko kammala aiki, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarni na 14. Tun daga tushe "an yi aiki ya fito" take nufi.

Tunda an taɓo wajen, bari na ƙara ɗaya saboda masu 'ya'ya a bakin jarrabawa. Turawan kansu suna yawan rikita affect da effect a rubutu, domin a bakinsu sautin kusan ɗaya ne. Mu da muke furta su baro-baro, "afet" da "ifet", kunne ya raba mana su. A yawancin jimloli ta farko aikatau ce, ta biyu suna. Sai dai akwai inda ta biyun ke zama aikatau da ma'anar aiwatarwa, kamar a aiwatar da gyara ko sauyi, kuma nan ne masu shirya tambayoyi suke son ɗana wa yara tarko.

Ɗan Fagge: Malam, mu Hausa muke yi da mai kemis, ba wasiƙa muke rubuta wa fadar Ingila ba. Kalma idan ta shigo bakinmu ta zama tamu. Bariki a wajen Bature mazaunin soja ne, yau ka ce wa mutum ɗan bariki ka ga ko zai gode maka. Kanti a wajensu wurin cin abinci ne, mu can muke sayen sabulu. Me ya sa waɗannan ba ku ce kuskure ba ne?

Malam Bala Ticha: Ban musa maka ba. Amma ita yarinyar WAEC za ta rubuta, kuma mai duba takardarta ba a Fagge ya koyi Turanci ba.

Anti Rabi mai harhaɗa magunguna: Ɗan Fagge, bariki da kanti ba su taɓa kwantar da kowa a asibiti ba. Wannan kuwa tana iya yi. Ni ba ruwana da wanda ya ci gardamar nahawu. Abin da ya dame ni, jimlar nan ƙarya ce ta kowace fuska ka ɗauke ta. In yana nufin ba ya aiki, don me ya sayar? In yana nufin ba ya taɓa komai a jiki sai ciwon da aka saye shi dominsa, babu irin wannan maganin a doron ƙasa. Farasitamol da kowa ya raina, ƙa'idarsa ga babban mutum kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 na mai miligiram 500. Wanda ya mayar da shi gyaɗa hantarsa ce za ta biya.

Kuma ko shi side effect ɗin ba dole ne ya zama cuta ba. Aiki ne da magani ke yi a gefe, ban da wanda aka ba da shi dominsa. Piriton maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, a gefe yana sa barci. Ga direban da zai kama hanyar Zariya wannan haɗari ne. Ga wanda ƙaiƙayi ya hana runtsawa kuwa, rahama ce. Rifampicin da ake ba masu tarin fuka yana mayar da fitsari ja-ja, kuma ba wata cuta a ciki. To ki duba abin da ke faruwa: an ce wa mutum "ba shi da effect", ya je gida ya ga fitsarinsa ya canza launi, ya tsorata ya ajiye maganin da ya kamata ya sha wata 6 cur. Nan ne ainihin illar take, domin ƙwayar cutar tana koyon jure magani. Da an gaya masa tun farko "za ka ga kaza, kada ka damu", da bai daina ba. Manyanmu kuma sun san ƙaiƙayin kulorokwin, wanda ya sa mutane da yawa suka riƙa yanke shan maganin zazzabi a tsakiya.

Sai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi ƙona min rai: masu neman aikin gefen da gangan. Abin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Cyproheptadine maganin borin jini ne, a gefe yana buɗe ciki. Dexamethasone kuwa yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yarinya ta ga kumatu sun fito ta ce ta yi ƙiba, alhali sukari da hawan jini ne ke hawa, ƙashi yana laushi. Je ki tambayi mai sayar mata, zai ce ba shi da effect.

Shi ya sa ni a bakin kanta na daina amfani da kalmar sam. Da Hausa nake tambaya: ya sa ki jiri? Ya sa ki amai? Jikinki ya yi ƙuraje? Kuma da Hausa nake bayani.

Maman Hanif: Innalillahi. Anti Rabi, wallahi da kin ga yadda na zuba wa allon wayar ido. Allah ya saka.

Ummi 'yar aji huɗu: Mu dai a wajenmu effect shi ne wanda ake sawa a TikTok fuska ta yi fari 😂

Ɗan Fagge: Shi ma ai illa ne, ranar da ango ya ga zahiri.

Ustaz Kabiru: Kun sa ni dariya ni kaɗai. Kuna tuhumar mutane da karkatar da kalmar Bature, alhali ita "illa" da kuke gyara musu da ita haka muka yi mata. A Larabci tana nufin ciwo ko aibi, wannan gaskiya ne, shi ya sa masana hadisi ke cewa hadisi yana da illa idan akwai ɓoyayyen aibi a cikinsa, masu nahawu kuma suke kiran alif da wawu da ya'u haruffan illa. Amma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta usulul fiƙhu ya san tana da wata ma'anar: dalilin da aka rataya hukunci a kansa. Ƙiyasi, wato auna sabon abu da wanda aka riga aka san hukuncinsa, rukunansa 4 ne, asali da reshe da hukunci da illa. Giya haramun ce, illar hukuncin ita ce sa maye, saboda haka duk abin da ke sa maye ya bi ta ko da ba a ambaci sunansa ba. Masu ilimin manɗiƙi kuma idan suna maganar sababi da abin da ya haifar, illa da ma'alul suke cewa. Kun ga a can illa ita ce mafari. Mu muka kawo ta kasuwa muka ajiye ta a ƙarshe, muka ce ita ce mummunan abin da ya biyo baya.

Tasiri ma daga can take, daga asalin da ke nufin sawu ko gurbin da abu ya bari bayan ya wuce. Ni a ganina ita ta fi kusa da kalmar da kuke magana a kai, don ita ma ba ta zaɓi alheri ko sharri ba. Wa'azi yana tasiri, mugun aboki ma yana yi.

Malam Bala Ticha: Allah ya gafarta Malam, yau ka ɗaure ni da igiyata. Amma tasiri ba za ta ɗauki kayan duka ba. Ba a cewa "tasirin jarrabawa ya fito". Sakamako ake cewa.

Ustaz Kabiru: Ai shi ma Bature ba effect yake cewa a nan ba, ko?

Malam Bala Ticha: Haka ne, result yake cewa. Na janye wannan misalin. Amma ka jira ma'aikatan gwamnati su shigo, za ka ji inda tasiri ba ta da wurin zama.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Mu nan kalmar ba baƙuwa ba ce, don ga Faransanci akwai ta, effet, kuma kun ji Malam Bala ya ce ta wajenmu ta bi kafin ta kai gare ku. A lakwal, wato makaranta, mushe (malami) ba ya jimla uku bai ce "en effet" ba, kuma wannan ba tasiri ba ne ba illa ba ne, "lallai kuwa" kawai yake nufi. Tufafi da tarkacen mutum ma effets ake ce musu. Abin da na lura, mu ba mu mayar da ita illa ba kamar ku. In lokotoro zai yi maganar aikin gefe, effets secondaires yake cewa cikakke, mai jinya kuma da Hausa yake tambaya: "yana wahal da mutum?" Amma zancen nan ya shafe mu fiye da da. A 2025 hukumar Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Duk ranar da aka zauna juya takardun hukuma zuwa Hausa, wannan kalma za a ci karo da ita shafi bayan shafi, kuma kowane wuri da abin da take nufi.

Baba Mai Fansho: Ɗan Maraɗi, mu ma muna da wannan ta tufafi. Idan ma'aikaci ko soja ya rasu, takardar da ake ba iyalinsa tana cewa su zo su karɓi personal effects, wato agogo da takalmi da abin da ya bari a durowa. A banki kuma cekin da bai riga ya faɗa ba uncleared effects suke rubutawa. Amma ba wannan ya fito da ni ba.

'Ya'yana, ku kuna jin kalmar nan a kemis, mu a rediyo muka san ta, kuma ta zo mana da fuska biyu a shekara guda. Ta farko mai daɗi. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa kwamitin Jerome Udoji a 1972 ya duba aikin gwamnati, ya miƙa rahoto a 1974, aka ƙara albashi. Abin da ya haukata mutane shi ne 'yar jimlar nan "with effect from", domin an mayar da ƙarin baya zuwa watan Afrilu na 1974, aka tara ariyas aka biya a farkon 1975. Masinja ya riƙe kuɗin da bai taɓa gani ba. Aka yi ta sayen rediyo da keke da babur, wasu suka ƙara aure. 'Yan kasuwa kuma ba barci suke ba, kafin a ankara kaya sun tashi, wanda ba ma'aikaci ba ya sha tsadar bai ga Udoji ba. Tun daga lokacin duk ma'aikacin da aka miƙa wa takardar ƙarin girma ba ya karanta taya murnar da ke sama. Idonsa kan kwanan watan da ke bayan kalmar nan yake faɗawa. Kuma sai ka iske kwanan wata biyu, ɗaya na girma a takarda, ɗaya na ranar da kuɗi zai fara shiga aljihu. Tsakaninsu ana iya samun shekara.

Fuska ta biyu ta zo bayan juyin mulkin 29 ga Yuli 1975, Gowon yana Kampala wajen taron ƙasashen Afirka, Murtala ya hau. Nan muka koyi "with immediate effect". Ana kunna labarai sai ka ji jerin sunaye, an sallami wane, an yi wa wane ritaya, nan take. Fiye da mutum 10,000 aka fitar daga aiki, har da alƙalai da manyan sakatarori da malaman jami'a. Mutum ya fito da safe da direba, ya koma da yamma ana ce masa ya kwashe kayansa daga gidan gwamnati. Har yara a unguwa suka ɗauka, uwa ta ce a tashi a yi shara "wit imidiyet ifet". Ba wanda ya buɗe ƙamus, amma kowa ya san ma'anarta: babu gobe, babu a ji ta bakinka.

To Ustaz, a nan ina za ka sa tasiri? "An kore shi da tasirin gaggawa"? Mu "nan take" muka ce, kuma ta isa.

Ustaz Kabiru: Baba, na sallama. Allah ya ƙara lafiya.

Sadiq Jikan Kurawa: Baba, da girmanka, amma kamar kana ɗora wa marigayi laifi. Kwana 200 kacal ya yi, ya mayar da jihohi 19, ya tsayar da maganar Abuja, ya sa ma'aikata zuwa ofis a kan lokaci. Aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976 bai tara komai ba. In da za a sami mai yin "nan take" ɗin yau da mun huta.

Baba Mai Fansho: Ɗana, na yi kukan mutuwarsa kafin a haifi babanka wataƙila. Akwai ɓarayi da malalata cikin waɗanda aka kora, ba musu. Akwai kuma waɗanda takardar ƙorafi marar sa hannu ta ci, babu wanda ya tambaye su. Waɗanda suka rage a ofis kuma darasin da da yawansu suka ɗauka shi ne kujera ba ta da tabbas, gara ka tanadi na gobe tun yau. Ka ga abu ɗaya, niyya mai kyau, ya bar gurbi iri biyu.

Sadiq Jikan Kurawa: Wannan ai ra'ayi ne Baba, ba hujja ba. Cin hanci ya girmi 1975.

Shugaban Zaure: Jama'a a dawo kan kalma. Mai son zancen Murtala ya buɗe nasa, za mu zo.

Barista Hadiza: Ranka ya daɗe, ƙyale ni na ɗora kaɗan a kan ta Baba, don a aikinmu kalmar nan rai take ci. Idan doka ta "take effect", mu cewa muke ta fara aiki. Tambayar kullum ita ce daga yaushe. A mayar da albashi baya alheri ne. A mayar da hukuncin laifi baya kuwa wani abu ne daban. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta sa hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, aka kuma ba ta ikon waiwaye. A watan Afrilu 1985 aka harbe mutum 3 a Legas a ƙarƙashinta, kuma babban abin da aka yi ta suka a kai shi ne waiwayen nan, a hukunta mutum da hukuncin da babu shi ranar da ya yi laifin. Kundin tsarin mulki na 1999 ya toshe wannan ƙofa a sashe na 4(9), inda ya hana majalisa yin dokar laifi mai komawa baya, da kuma sashe na 36(8). Saboda haka ku lura da kyau duk takardar da za ku sa wa hannu, haya ce ko aiki ko bashi. Ranar sa hannu daban, ranar fara aiki daban, kuma ta biyun ce kotu za ta duba.

Ummi 'yar aji huɗu: Wasa a gefe, ni ma ina da matsala da kalmar nan. Na kai wa malamin da ke duba aikina na kammala digiri take, a kan effect ɗin kafofin sada zumunta a kan ƙoƙarin ɗalibai. Ya ja layi ja a kan kalmar farko ya ce na je na yi tunani. Na mayar da ita impact, ya sake ja. Na ce influence, ya ce ban gane ba tukuna. Kuma wallahi rabin kundayen da ke laburarenmu da ita suka fara. Ni me na yi?

Dakta Sule: Ummi, ki gode Allah da ya haɗa ki da mai karantawa. Ba Turancinki yake gyarawa ba, alƙawarin da kika ɗauka yake tambaya. Duk wanda ya rubuta kalmar nan a take ya ce zai nuna cewa abu kaza ne ya jawo abu kaza. Faɗa min, yaya za ki tattara bayananki?

Ummi 'yar aji huɗu: Takardar tambayoyi zan raba wa ɗalibai, su faɗi awa nawa suke yi a waya da makin da suke samu.

Dakta Sule: To a ce kin raba, kin ga masu daɗewa a waya makinsu ya fi ƙasa. Me kika gano? Wataƙila waya ce ta cinye lokacin karatu. Wataƙila kuma wanda karatu ya riga ya gagara ne yake gudu ya ɓuya a waya, kin ga kibiyar ta juya. Ko kuma wani abu na uku ne ke jan su duka, kamar damuwar gida ko rashin barci. Takardar tambayoyinki ba za ta iya raba waɗannan ukun ba. A damina cinikin gasasshiyar masara yana hawa, masu zazzabin cizon sauro ma suna ƙaruwa a asibiti. In kika zana su a jadawali za su tafi tare gwanin kyau. Ba masara ke kawo zazzabi ba, ruwa ne ya kawo masara ya kawo sauro.

Masu haƙƙin amfani da kalmar su ne irin mutanen cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Za su yanka fili ƙananan-ƙananan, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, a sa wa wasu taki a hana wasu, kuma ƙuri'a ce ke zaɓen wanda zai samu, don kada mai binciken ya ba taki gefen da ƙasa ta fi kyau ko da bai sani ba. A maimaita a wurare da dama, sannan a auna amfanin da aka girbe. Bambancin da ya fito shi ne za a jingina wa taki. Ronald Fisher ne ya tsara wannan hanya a tashar binciken gona ta Rothamsted a Ingila cikin shekarun 1920, kuma ita ake bi wajen gwajin magunguna har yau. Ke za ki iya raba 'yan ajinku biyu da ƙuri'a, ki ƙwace wayar rabi har zango ya ƙare?

Ummi 'yar aji huɗu: Su cinye ni ɗanya 😭

Dakta Sule: To ki rubuta abin da za ki iya tsaya wa: dangantaka tsakanin wannan da wancan. Impact da kika koma gare ta ma ta fi nauyi, asalinta karo ne, abu ya daki abu, shi ya sa ake amfani da ita a manyan ayyuka irin dokar 1992 da ta wajabta a auna abin da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi. Su kundayen laburare kuwa, yawansu ba ya mayar da su daidai. Ni kaina ina ganinsu duk shekara, kuma wanda ya zo hannuna sai ya sha jan biro.

Mai Fassara: Dakta ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi a ɗakin labarai. Rahoto zai zo da Turanci ɗauke da kalmar nan guda ɗaya, ta rufe fuska, ba ta ce alheri ba ba ta ce sharri ba. Hausa kuwa ba ta yarda ka ɓuya. Ɗauki cire tallafin mai. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. In na ce "sakamakon cire tallafi", na ce wannan ne ya haifi wancan kai tsaye, kuma a kan farashin lita ba mai musu. In na ce "tasirin cire tallafi a kan farashin abinci", na ce yana da hannu amma ban ce shi kaɗai ba ne, don a watan Yuni na shekarar an saki naira ta faɗi, ga rashin tsaro da ya hana noma a wurare. In kuwa na ce "illar cire tallafi", na yanke hukunci, kuma edita zai kira ni ya ce wa ya tambaye ka ra'ayinka. Jimla ɗaya ta Turanci, ni sai na zaɓa cikin uku, labarai kuma saura minti biyar.

Ɗan Fagge: Kai dai faɗi gaskiya, tsoro kuke ji. Mutum ya sayar da motarsa ya koma hawa Adaidaita, ka ce masa tasiri? Illa ce, sunanta ke nan.

Mai Fassara: Wanda ya sayar da mota in na sa masa makirfo ya ce illa, haka zan watsa, da muryarsa. Gwamnan da kason jiharsa ya ƙaru in ya ce alfanu, shi ma haka. Ni da ke karanta kanun labarai ba ni da wannan damar. Amma ka lura da wata kalma da ta shiga tsakani ba wanda ya yi faɗa da ita: raɗaɗi. "Rage raɗaɗin cire tallafi." Jami'an gwamnati da kansu suna faɗinta idan za su raba shinkafa, 'yan adawa ma suna faɗi. Ta amsa cewa akwai ciwo, ba ta ce aikin kuskure ne ko daidai ba.

Ɗan Fagge: Raɗaɗin dai har yanzu bai ragu ba, shinkafar ma ba ta iso layinmu ba.

Ummi 'yar aji huɗu: Dakta, in na canza take zuwa dangantaka, sai na sake babi na ɗaya gaba ɗaya?

Dakta Sule: Ba duka ba. Gabatarwa za ta iya zama yadda take. Manufofin bincike da tambayoyinsa da hasashenki su za ki sake, duk inda kika ce "yana jawo" ki mayar da shi "yana tafiya tare da". A babi na uku ki faɗi ƙarara cewa bayanan daga bakin ɗaliban kika samo su, don mutum yakan rage awannin wayarsa ya ƙara wa makinsa. In sashenku zai yarda ki karɓi makin daga ofishin jarrabawa ba tare da sunaye ba, ya fi. Ki kai masa sabon taken tukuna ya sa hannu kafin ki taɓa sauran.